Lefteri da Ɗakin Mai Raƙuma

Gida bakwai ne a tudunmu na Coober Pedy, kuma dukkansu a cikin ƙasa aka haƙa su, kamar yadda duk mai hankali yake zama a garin da rana ke gasa mutum tun yana tsaye. Ni ne mai gyaran famfo, Tavi suke kirana. Babu gidan da ban shiga ba a tudun nan, babu bangon da ban san abin da ke bayansa ba. Na faɗi haka tun da wuri ne don kada wani ya ce ban yi iya ƙoƙarina ba.

Maƙwabcina na dama shi ne Lefteri Vardakis. Daga Girka ya zo yana saurayi, ya shekara talatin yana haƙar opal, wani dutsen ado mai tsada, abin da ya samu duka bai cika kwalbar magani ba. Amma a baki babu inda bai taka ba. Ya ce ya shiga dalar Masar ta wata ƙofa da su Misirawan ma ba su san da ita ba. Ya ce a Turkiyya ya taɓa shiga wani tsohon birni na ƙarƙashin ƙasa, masu gadin suka ɓace, shi ya nuna musu hanyar fita. Matarsa Froso ta gaya mini cewa jirgin ruwan da ya kawo shi ya tsaya a Masar ɗin da gaske, na awa shida, kuma a kwance ya yi su yana amai.

Abin da ke ci wa Lefteri rai shi ne bas ɗin 'yan yawon buɗe ido. Kullum da hantsi sai ya wuce ta ƙofarsa, wata mai suna Noeleen tana tuƙi tana zuba bayani a lasifika, ko rage gudu ba ta yi. Ta kai su coci, ta kai su tsohon ramin haƙa, ta kai su su ɗauki hoton allon nan da ke gargaɗin kada mutum ya yi tafiya da baya don kada ya faɗa rami. Lefteri ya ce abin kunya ne mutane su tsallako teku don hoton allo, alhali tarihi na gaske yana kwance a bayan ɗakin kwanansa.

Kowa ya san kafin zuwan mota, masu raƙuma ne daga Afganistan da ƙasashen da ke kewaye da ita suke ratsa hamadar nan da kaya. Wannan gaskiya ne. Abin da Lefteri ya ƙara shi ne, wai ɗaya daga cikinsu ya haƙa ɗaki na sirri a tudunmu, ya ɓoye dukiyarsa, ya tafi bai dawo ba. Da aka tambaye shi inda ya ji, ya ce a bakin wani tsoho. Aka ce ina tsohon, ya ce ya mutu. Aka ce mene ne sunansa, ya ce mutumin ba ya son a riƙa ambatonsa.

Doka ta hana haƙar opal a cikin gari, shi ya sa kowa a tudunmu kullum "ƙarin ɗaki" yake yi. Akwai wani gwauro a can sama da ke da ɗaki goma sha ɗaya, shi da karensa. Saboda haka da Lefteri ya ce zai yi ƙarin ɗaki, babu wanda ya ɗaga kai. Ya lanƙwasa wayoyin ƙarfe biyu ya riƙe a hannu, wai su za su nuna masa abin da ke ɓoye a ƙasa, ya yi ta zagaya gida ido a lumshe, har wayoyin suka haɗu a gaban kabad ɗin kayan Froso. Ya kwashe rigunanta ya zube a kan gado, ya ɓalle katakon baya, ya ɗauko diga da baro da kamfas, ya ce yamma zai nufa.

Na gaya masa a bayan bangon nan akwai bututun ruwa, ni na shimfiɗa shi da hannuna.

"Tavi, kai famfo ka sani," in ji shi. "Ni ƙasa ce take yi mini magana."

"To ka tambaye ta bututun."

"Ba ta amsa ƙananan tambayoyi."

A rana ta uku ruwa ya ɓalle. Kafin Froso ta dawo daga kanti ya malale ɗakin kwana ya kai falo, takalma suna yawo a kai. Lefteri ya fito ƙofar gida ya tara maƙwabta, ya ce ya gano rijiyar mai raƙuma. Ya ɗebo a kofi ya kurɓa a gabanmu, ya juya shi a baki, ya ce akwai ɗanɗanon zamanin da. Na karɓa na kurɓa, na ce ni ɗanɗanon maganin da ake zuba wa ruwan famfo na ji. Muna cikin haka gwauron nan ya gangaro daga sama, tawul a ƙugu, kumfar sabulu tana bushewa a kansa. Ya tsaya ya kalli Lefteri har kumfar ta fara ɓarɓashi, sannan ya juya ya koma. Kwana biyu gida bakwai babu ruwa. A garin nan an raba abota a kan abin da bai kai haka ba.

Da na gama gyara, Lefteri ya ce ruwan alama ce cewa ya kusa, sai dai diga tana ɓata masa lokaci. Ya ce zai sa nakiya, 'yar mitsitsiya, wadda ko kyanwa ba za ta farka ba. Ya ce ya tayar da nakiya fiye da dubu a rayuwarsa, kuma har yau yatsunsa tara cif suke.

Ranar Lahadi da tsakar rana ya tayar da ita, daidai lokacin da Froso ta fito da gashin alayyafonta mai ɓawon fulawa daga tanda ta ajiye ya huce. Ina zaune a falona na ji ƙasa ta yi tari. Kofuna suka yi rawa. A gidan Lefteri hotunan iyaye da kakanni suka sauko daga bango tare. Ƙura ta bi ɗaki ɗaki, abin da ya rage ya haura ta bututun iska ya fita ta saman tudu, fari fat, kamar tudun ya kama shan taba.

Bas ɗin Noeleen yana wucewa a daidai lokacin. Ta taka birki. Baƙi suka zubo suna ɗaukar hoto. Lefteri ya fito daga gida fari sol daga kai har ƙafa, idanu kawai ake gani, ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Daga baya ya ce mini in lura, shekara goma sha biyu bas bai tsaya ba, yau ya tsaya.

Froso ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko gashin alayyafon da ƙurarsa a kai, ta yanka masa babban yanki, ta zauna a gabansa ta naɗe hannu. Ya cinye. Muna jin ƙasa tana ƙara a haƙoransa. Ya ce yau ɓawon ya yi ƙarau yadda yake so.

Nakiyar ta buɗe rami siriri wanda ya karkace ya shige ciki. Lefteri ya ce babu buƙatar faɗaɗawa, a Turkiyya ya bi wanda bai kai rabinsa ba. Ya kwanta rub da ciki da ƙaramar diga a hannu, ya ja jiki ya shiga. Kai ya shige, kafaɗu suka shige, tumbi ya ƙi. Ya nemi dawowa, nan ma tumbi ya ƙi. Ya yi ta kiran Froso, muryar tana fitowa kamar daga cikin randa. Ta leƙa ta gani, ta je ta gama shanyar kayanta, ta sha kofi, sannan ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce idan ina da lokaci maigidan ya toshe.

Da man zaitun muka fitar da shi. Ni da gwauro muka kama ƙafa ɗaya ɗaya muka ja. Wando ne ya fara fitowa, mai shi ya biyo baya. Ya zauna a cikin kabad yana sheƙi, yana haki. Amma ashe tun yana maƙale hannunsa bai huta ba, ya ci gaba da sara a gabansa har digar ta huda ta faɗa cikin fili. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a hankali, "Na same shi."

Da aka faɗaɗa ramin, ni na fara shiga da tocila. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi. Kantoci na tsohon katako sun zagaye bango, cike da kwalabe, kowace da 'yar takarda a manne da wani irin rubutu. Ga nama busasshe a rataye. Ga injin niƙan kofi na tagulla, ga wata faffaɗar ɗamara ta fata mai ƙugiyoyi, ga wani farin kwano mai hannu ɗaya. A can ƙarshe akwai ƙofar katako mai kauri, babu mariƙi ta wannan ɓangaren.

Na san ɗakin. Ma'ajiyar abincin Gwaggo Zorka ce, tsohuwar nan 'yar Sabiya da mijinta Milorad ya rasu shekara takwas da suka wuce. Ƙofar gidanta tana ɗaya gefen tudun, tafiyar minti goma idan mutum ya zagaya. A lokacin tana birnin Adelaide, 'yarta ta haihu.

Na ce masa, "Mutumina, ka shiga gidan Gwaggo Zorka."

"Zorka tana gabas. Ni yamma na haƙa."

"Wa ya ce?"

Ya nuna mini kamfas. Tun ranar farko a cikin baron ƙarfe yake ajiye shi yana dubawa, kusa da diga da shebur. Na ce allurar ba yamma take nuna masa ba, shebur take nuna masa. Ya ce ya ga hassada a ƙasashe da yawa, amma bai yi tsammanin zai same ta a maƙwabcinsa na hagu ba. Na ce ya duba rubutun kwalaben. Ya ce ya duba, tsohon rubutun masu raƙuma ne, ya ma fara gane wasu kalmomi.

Na je na sami Froso a kicin na ce ta yi masa magana, tun abin bai fita waje ba. Ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce shekara talatin da ɗaya tana yi masa magana tun abu bai fita waje ba, wannan karon tana so ta ga yadda yake idan ya fita.

Noeleen ta yarda ta kawo masa baƙi sau ɗaya, saboda labarin hayaƙin tudu ya yaɗu, ana ta tambayarta. Aka sa ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya. Lefteri ya yi kwana huɗu yana shiri. Ya jera kyandirori a ramin. Ya rubuta allo ya kafa a ƙofar gida. Ya naɗa mayafin teburin Froso a kai a matsayin rawani, mai zanen inabi a gefe. Duk tudun muka hallara, har da karen gwauro.

Baƙi ashirin da biyu suka bi layi ta ɗakin kwanan mutane, suka sunkuya suka shiga kabad ɗaya bayan ɗaya. Da suka cika ɗakin, mu maƙwabta muka tsaya a bakin ramin muna leƙe. Lefteri ya sassauta murya. Ya ce su ne mutane na farko da suka shaƙi iskar nan cikin shekara ɗari. Ya ɗaga ɗamarar fata ya ce da ita ake ɗaure sirdin raƙumi, ya nuna inda gumin dabbar ya ci fatar. Ya ɗaga farin kwanon ya ce a ciki mai raƙuma yake shan nonon taguwa, ya kafa shi a baki don a yi masa hoto. Ya buɗe kwalba ɗaya ya zaro ganyen kabeji ya tauna, ya ce su duba hikimar mutanen da, shekara ɗari amma kamar bara aka jiƙa shi.

A cikin baƙin akwai wani dattijo siriri mai hular kaboyi, ya zo daga garin Marree tare da matarsa. Sai ya yi gyaran murya ya ce shi jikan masu raƙuman ne, kakansa da ayari ya shigo ƙasar nan, kuma yana da 'yar tambaya. Lefteri ya ce madalla, tarihi ya haɗu da jininsa.

Dattijon ya nuna abin da ke rataye. "Wannan ba cinyar alade ba ce?"

"Raƙumi ne," in ji Lefteri. "Ƙarami."

"Da kofaton alade?"

"Bushewa ce ta sa."

Dattijon ya buɗe wata doguwar kwalba ya shinshina, ya ja kai baya. Ya ce wannan kuma barasa ce, kakansa kuwa salla biyar yake yi, ko ƙamshinta ba ya zama kusa da shi. Lefteri ya ce ta magani ce, raƙuma ake shafa wa a gwiwa. Dattijon ya ɗaga takardar kwalbar kusa da kyandir, ya ce rubutun kakanninsa daga dama yake farawa, yana da wasiƙunsu a gida, wannan bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Lefteri ya ce wannan mai raƙuman bahago ne.

Ya ga baƙi sun fara kallon juna, sai ya yi sauri ya matsa ga ƙofar katakon, wadda ya ajiye don ƙarshe. Ya ɗora tafin hannu a kanta. Ya ce wannan ita ce ƙofar da babu mai rai da ya taɓa buɗewa, babu kuma wanda ya san abin da ke bayanta. Wataƙila zinariya, wataƙila shi kansa mai raƙuman a zaune. Ya ce kowa ya yi shiru, ya saurari shekara ɗari.

Aka yi shiru. Sai aka ji ƙarar silifas.

Wani abu ya yi ƙas, ƙwan lantarki ya kama a saman kanmu, wanda Lefteri bai taɓa ɗaga kai ya gani ba. Ƙofar ta buɗe ta buge shi a kafaɗa. Gwaggo Zorka ce tsaye, da rigar girki da kallabi, tukunya a hannu. Ta dubi mutum ashirin da biyu a ma'ajiyarta. Ta dubi ramin da ke bangonta, da kawunanmu a ciki. Ta gaishe ni. Sannan ta dubi rawani.

"Lefteri, me kake yi da ɗamarar ciwon bayan Milorad?"

"Gwaggo, wannan ta raƙumi ce."

"Shekara arba'in ina aure da shi. Na kira shi sunaye da yawa, ban taɓa kaiwa nan ba."

Ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta karɓi kwalbar da ya buɗe ta karanta takardar da ƙarfi, ta ce an rubuta "kabeji, bara", rubutunta ne, kuma mai cin ganye da yatsa ya lalata mata kwalba guda. Wata baƙuwa ta ɗaga hannu kamar a aji, ta tambayi farin kwanon na mene ne. Gwaggo Zorka ta ce fo ne, marigayi ya yi shekara biyu na ƙarshe ba ya iya kaiwa banɗaki. Mutum wajen goma suka sunkuya suna duba hoton da suka ɗauka. Lefteri ya goge baki da gefen rawani.

Ya yi ƙoƙari na ƙarshe. Ya ce ba mamaki gidan Gwaggo a kan tsohon ɗakin mai raƙuma aka gina shi, ita ce ba ta sani ba. Ta ce Milorad ne ya haƙa ɗakin da hannunsa, ita ta riƙa kwashe ƙasar da bokiti tana da cikin wata bakwai. Ta ce ya matsa, yana tsaye a gaban barkononta.

Tun da baƙi ba za su iya juyawa a ramin ba, ta ƙofar suka fita, suka bi ta kicin ɗinta. A nan suka tarar da tebur a shirye, naɗin kabeji da nama yana tururi, faranti ashirin da biyar, da wani kwano daban na wake da ta ce babu alade a ciki. Froso ce take jera cokula. Sai a lokacin na gane wadda ta buga waya Adelaide, ta kuma faɗi rana da ƙarfe nawa. Baƙi suka ci suka ƙoshi, dattijon Marree ya zauna ya ba su labarin kakansa na gaske har Noeleen ta yi ta danna ƙaho. Lefteri ya koma gida shi kaɗai ta cikin kabad.

Gwaggo Zorka ba ta kai ƙara ba. Ta ce kawai a kira mai awon ƙasa a san iyakar kowa kafin a toshe ramin, kuma Lefteri ne zai toshe da hannunsa. Mai awon ya zo ranar Talata, ya yini yana jan igiya a sama da ƙasa, maƙwabta suna biye da shi. Da la'asar ya tara mu ya ce ramin duk a filin Gwaggo yake, wannan kowa ya sani. Amma akwai ƙari. Tun shekara ashirin da suka wuce da Lefteri ya haƙa ɗakin kwanansa ya tsallake iyaka da taku biyu. Ya shiga da alli ya ja layi a ƙasa. Layin ya bi ta ƙarƙashin gado, daidai wajen wuyan mai kwanciya, a gefen da Lefteri yake kwana, ya karkace ya fita ta bango.

Lefteri ya daɗe yana kallon allin. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce a duk yawon da ya yi a duniya bai taɓa jin mutumin da ke kwana a gida biyu lokaci guda ba, ya kamata a sanar da Noeleen.

Gwaggo Zorka ta ce ita ba ta son rigima, idan Froso tana so a ja gadon baya a manta da maganar.

Froso ta dubi layin, ta dubi mijinta.

"A bar shi yadda yake, Gwaggo," in ji ta. "Kan ne kawai a wajenki. Dama ba da shi muke amfani ba."